Magaji a Matsayin Mai Tarke: Yadda Assassin's Creed II Ya Amsa Sukar da Aka Yi wa Magabacinsa

1.0 Gabatarwa

A fagen nazarin adabi mun saba ganin mai ƙirƙira a gefe guda, mai tarke a ɗaya gefen. Marubuci ya fitar da littafi, masu sharhi su faɗi albarkacin bakinsu, littafin kuwa yana nan yadda yake, sai dai a gyara kurakuran ɗab'i a bugu na gaba. A wasannin bidiyo al'amarin ya sha bamban. Kampanin da ya zuba dukiya mai yawa wajen ƙera wasa yakan tattara abin da jaridu da masu wasa suka faɗa, ya gina kashi na biyu a kansa. Ke nan kashi na biyu, wanda za mu kira magaji a wannan maƙala, shi ma wani nau'in tarke ne: abin da ya riƙe da abin da ya zubar suna nuna hukuncin da ya yanke wa magabacinsa.

Maƙalar za ta duba misali guda, watau Assassin's Creed (2007) da Assassin's Creed II (2009), waɗanda reshen Montreyal na kampanin Faransa mai suna Ubisoft ya ƙera, ƙarƙashin jagorancin Patrice Désilets, Corey May kuma shi ne babban marubucin labarinsu. An daɗe ana kafa hujja da su a matsayin misalin magajin da ya gyara duk aibin magabaci. Ra'ayinmu shi ne gyaran ya tabbata, amma magajin ya ɗauki kalmar da masu suka suka fi nanatawa, watau maimaici, bai tsaya ya rarrabe maimaicin da ke aibi da wanda ke ɗauke da jigo ba. Ya kawar da su duka biyun, kuma abin da ya tafi tare da na biyun ba ƙarami ba ne.

2.0 Zubin Wasan Farko

An kafa labarin a shekarar 1191, lokacin yaƙin Salibi na uku, a biranen Dimashƙu da Akka da Ƙudus, da kuma ganuwar Masyaf, mazaunin ƙungiyar Asasin. Tauraron shi ne Altaïr, gwanin ƙungiyar wanda girman kai ya sa ya karya dokokinta, aka tuɓe masa muƙami da makamai. Shugabansa Al Mualim ya ba shi sunayen mutum 9 da zai kashe domin ya fanshi kansa, an raba su uku-uku a biranen nan. Akwai kuma labari na waje da ya kewaye wannan: a shekarar 2012 wani kampani mai suna Abstergo ya tsare Desmond Miles, jikan jikokin Altaïr, yana sa shi cikin wata na'ura, Animus, wadda ke tono rayuwar kakanni daga jinin mutum.

Kowane kisa yana bin matakai iri ɗaya. Mai wasa zai hau doki daga Masyaf zuwa birni, ya gaida wakilin ƙungiya, ya hau hasumiya don ya ga unguwa, sannan ya yi bincike. Binciken kuwa ƴan hanyoyi ne ƙalilan: zama bisa benci a saurari zancen mutane a ɓoye, yankan aljihun mai ɗauke da wasiƙa, bin mai shela lungu a doke shi har ya yi magana, ko yi wa ɗan rahoto wani aiki. Kowane mutum yana da bincike 6, amma 2 ko 3 sun isa a ba da izinin kisa. Bayan kisan sai a yi doguwar magana tsakanin Altaïr da wanda ke kan gargarar mutuwa, sannan a gudu, a koma Masyaf a tattauna da Al Mualim. Haka abin yake tafiya har sau 9.

3.0 Sukar da Aka Yi

Wasan ya samu kasuwa ƙwarai, don an sayar da fiye da kwafi miliyon 8 kafin magajinsa ya fito. An yaba da girman biranen, da cunkoson jama'a a tituna, da yadda ake iya hawan kusan kowane bango. Duk da haka matsakaicin makin da ya samu a dandalin Metacritic, mai tattara hukuncin jaridu, 81 ne bisa 100, abin da bai kai yadda aka zata ba. Ana iya kasa sukar gida uku.

Na farko, aibin ƙira. Altaïr, wanda ke tsalle daga kan hasumiya, in ya faɗa ruwa sai ya mutu, bai iya iyo ba. Babu rubutun magana a ƙasan allo, ga shi kuwa wasa ne mai dogayen jawabai, saboda haka kurma ko wanda bai ƙware da harshen ba an bar shi a baya. Sukuwa da doki kusa da dakaru a hanyar birni ta isa ta jawo faɗa. Mata masu bara da mahaukata suna tare hanya a daidai lokacin da ake bin sawun wani. Ɓuya cikin jama'a ba ta yiwuwa sai a tsakanin wasu malamai masu fararen tufafi ko bisa benci. Faɗa kuma ya tsaya ga dabara guda: jira maƙiyi ya kawo sara, a kauce a mayar masa.

Na biyu, maimaici. Wannan ita ce kalmar da ta fi yawo a sharhin lokacin. Wanda ya gama kisa na uku ya riga ya ga duk irin aikin da wasan zai ba shi. Ayyukan gefe ba su kawo sauƙi ba: tutoci 420 da aka warwatsa, da mayaƙan Templier 60, waɗanda tattara su ko kashe su bai ƙara kome ga labari. A shekarar 2020 Charles Randall, ɗaya daga cikin ma'aikatan wasan, ya ba da labarin cewa an cusa waɗannan ayyuka ne cikin kwana 5 gab da fitarwa, bayan ɗan shugaban kampanin ya gwada wasan ya ce babu abin yi a cikinsa. In haka ne, to wasan farko ya soma amsa suka tun bai fito ba, kuma amsar gaggawa ita ce ta zama abin suka daga baya.

Na uku, tauraro. An ce Altaïr ba shi da fara'a, ba shi da dangi ko tarihin da zai sa a damu da shi, ga shi yana magana da karin harshen Amurka a tsakiyar Sham ta ƙarni na 12.

Kampanin ya fara mayar da martani tun a 2008, da ya fitar da bugun kwamfuta mai sababbin nau'o'in bincike 4, kamar rakiya da tsere bisa rufin gidaje. Cikakkiyar amsa sai a watan Nuwamba 2009.

4.0 Amsar Magaji

Assassin's Creed II bai ɓoye cewa amsa yake bayarwa ba. Tun a farkonsa Desmond ya tsere daga Abstergo, aka sa shi cikin wata sabuwar na'ura mai suna Animus 2.0, wadda mai ƙera ta, Rebecca, ke alfahari da cewa ta fi tsohuwar. Watau an ɗora wa tsohuwar na'ura ta cikin labari laifin gazawar tsohon wasa. Dabara ce mai kyau, don ta ba kampanin damar karɓar suka ba tare da ya fita daga cikin ƙagaggen labarinsa ba.

Game da aibin ƙira, an bi su ɗaya bayan ɗaya. Sabon tauraro yana iyo, har an kai shi birnin Benis mai magudanan ruwa don a nuna hakan. An sa rubutun magana. Ana iya ɓuya cikin kowane gungun mutane, ana iya hayar ɓarayi ko karuwai ko sojan haya su ɗauke hankalin masu gadi. Mawaƙan titi sun maye gurbin masu bara, amma yanzu ana watsa musu kuɗi su ba da hanya. An kawo ma'aunin ƙaurin suna, wanda ke hauhawa in an yi ɓarna, yana sauka in an yage takardun cigiya ko an ba mai shela toshiyar baki. A faɗa an ƙara ƙwace makami, da wuƙar ɓoye ta biyu, da maƙiya iri-iri. A wannan ɓangare babu abin cewa sai yabo, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Game da tauraro, an juya al'amarin gaba ɗaya. Mai wasa yana ganin haihuwar Ezio Auditore a Fulorans a 1459, ya san uwarsa da ƙanwarsa, ya yi tseren hawan coci da wansa, ya yi wa ƙanensa aike. Sai a 1476 aka rataye ubansa da ƴan'uwansa maza biyu a gabansa, bisa ƙazafi. Daga nan labarin ɗaukar fansa ne na shekara 23, wanda ya ratsa makircin iyalin Pazzi na 1478, ya ƙare a Roma a 1499 da fito-na-fito da Rodrigo Borgia, watau Paparoma Alexandre na 6. An ba shi aboki, Leonardo da Vinci, da kawu, Mario, da gari, Monteriggioni, wanda mai wasa ke rayawa da kuɗinsa. Ko tattara kaya an ba shi dalili: gashin tsuntsu 100 da Ezio ke tarawa domin uwarsa, wadda ta daina magana tun mutuwar autanta mai son tara irinsu.

Game da maimaici kuwa, an rushe matakan nan kwata-kwata. Labari ne ke jan mai wasa daga wannan aiki zuwa wancan: yau tseren keken doki a tsaunuka, gobe tashi da na'urar Leonardo a sararin Benis, jibi gasar bikin rufe fuska, gata ratsa kaburbura 6 masu wuyar hawa. Sakamakon ya bayyana a maki, 90 zuwa 91 a Metacritic.

5.0 Abin da Maimaici Yake Ɗauke da Shi

A nan ne ya kamata mai nazari ya yi taka-tsantsan. Duk wanda ya san waƙar baka ya san ba a zargin mawaƙi don amshi ya dawo. Dawowarsa ce ke ba mai sauraro ma'aunin da zai gane inda waƙar ta ci gaba. Abin zargi shi ne ɗiyan waƙa su zama holoƙo. Haka ma tatsuniya: in tauraro ya je wuri sau uku, ɗan bambancin da ke tsakanin zuwan farko da na uku shi ne saƙon. Wasan farko yana da maimaici iri biyu, kuma masu suka sun haɗa su a kalma ɗaya. Ayyukan bincike su ne ɗiyan da ba su da nauyi. Zagayen kisa da magana da komawa Masyaf shi ne amshi, kuma yana aiki a wurare uku.

Na ɗaya, maganar masu mutuwa. Garnier de Naplouse, shugaban asibitin Akka, mai wasa ya gan shi da idonsa yana sa a karya ƙafafun majinyacin da ya nemi gudu. Amma a bakin mutuwa ya kafa hujja cewa mahaukata da yasassu ya kwaso daga tituna, wasunsu har sun warke. Talal, mai fataucin bayi a Ƙudus, ya dage cewa ceton mutanen yake yi. Jubair, mai ƙona littattafai a Dimashƙu, ya ce rubuce-rubucen ne suka haddasa yaƙin. Ba dukansu ke da hujja ba, don Majd Addin ya amsa cewa daɗin kisa kawai yake ji. Amma da yake maganar tana zuwa a wuri ɗaya kowane karo, shakka tana taruwa sannu a hankali, a zuciyar Altaïr da ta mai wasa.

Na biyu, komawa wurin Al Mualim. Tambayoyin almajirin suna ƙara kaifi, amsoshin malamin suna ƙara santsi, har ranar da ta bayyana cewa shi ne na goma a cikin maƙarƙashiyar, ya yi amfani da Altaïr ne don ya share abokan tarayyarsa. Biyayyar da mai wasa ya yi sau 9 ba tare da zaɓi ba ita ce ta ba wannan tonon asiri zafinsa.

Na uku, Malik, wakilin ƙungiya a Ƙudus, wanda ya rasa hannu da ƙane saboda gangancin Altaïr. Sau uku ake shiga ɗakinsa don aiki iri ɗaya. A karon farko zagi ne, a na biyu sassauci, a na uku Altaïr ya nemi gafara. Sauyin halin tauraron, wanda aka ce babu shi, a nan yake, kuma ba a iya ganinsa sai don ɗakin da aikin ba su sauya ba.

A magaji, maganar masu mutuwa ta taƙaita zuwa ƴan jimloli, sai Ezio ya rufe da addu'ar Latin. Mafi yawan maƙiyansa azzalumai ne tsantsa, tun daga Uberto Alberti da ya ci amanar ubansa har zuwa Borgia. Gaskiya ne Mario ya tsawata masa da ya wulaƙanta gawar Vieri de' Pazzi, kuma a ƙarshe ya bar Borgia da rai. Amma wannan darasi ne na kame zuciya. Tambayar ko kisan kansa daidai ne, wadda ita ce ginshiƙin wasan farko, ba ta taso wa Ezio da irin wannan nauyi ba.

Hasara ta biyu ta shafi mai wasa. Binciken wasan farko, duk da raunin yadda ake yin sa, yana ba da bayani na gaske: taswirar wuraren da masu gadi suke, ƙofar da ba a tsaro, malaman da za a iya shiga cikinsu. Wanda ya yi duka 6 ya karanta abin da ya samu yana iya tsara kisansa da kansa. Aibin shi ne an binne bayanan cikin jerin zaɓi inda mutane da yawa ba su taɓa leƙawa ba, wasan kuma bai hukunta wanda ya afka da takobi ba. Maganin da ya dace shi ne a fito da bayanin fili, a sa ya zama da amfani. Magajin ya zaɓi ya cire shi, ya sa alama a taswira da umarni a allo. Mai wasa ya tashi daga mai bincike ya koma mai bin umarni, ko da yake umarnin yana da daɗin bi.

6.0 Inda Aka Ajiye Magabaci

Abin lura ne yadda magajin ya yi da Altaïr kansa. Mutum-mutuminsa yana cikin wani ɗaki a ƙarƙashin gidan Monteriggioni, sulkensa a kulle sai an kawo hatimi 6. Tunaninsa kuwa, har da shakkunsa game da saɓanin da ke cikin aƙidar ƙungiya mai neman zaman lafiya ta hanyar kisa, an zuba shi a shafuka 30 na wani kundi. Dole ne a tattara shafukan kafin a gama wasan, amma ba dole ba ne a karanta su. Ke nan jigon da ya kasance a tsakiyar wasan farko ya koma abin karatu na ganin dama, magabacin kuma ya zama kayan tarihi da ake girmamawa.

Akwai wani abin kuma. Babi na 12 da na 13 ba su cikin wasan da aka sayar a 2009, an fitar da su daban a farkon 2010, da kuɗinsu. Na 13, wanda ya shafi mulkin Savonarola a Fulorans, yana ba mai wasa mutum 9 da zai kashe bisa tsarin da ya ga dama, kowannensu da maganarsa ta ƙarshe. Watau ɓangaren da ya fi kama da zubin magabaci shi ne aka ga ana iya cirewa ba tare da labarin ya rushe ba.

7.0 Abin da Ya Biyo Baya

Amsar da magajin ya bayar ta haifi nata matsaloli. Kuɗin da Monteriggioni ke samarwa yakan yi yawa har saye ya rasa ma'ana tun tsakiyar wasa, ga magungunan da ake ɗauka a aljihu sun sa mutuwa a faɗa ta yi wuya. Mafi muhimmanci, darasin da kampanin ya ɗauka shi ne yawan abin yi yana maganin gundura. Hawan hasumiya don buɗe taswira mai cike da alamomi ya bazu zuwa wasu wasanninsa, kamar Far Cry 3 (2012) da Watch Dogs (2014). Da Assassin's Creed Unity ya fito a 2014, taswirar Paris ta cika da alamomi har ana yi mata ba'a, kalmar maimaici kuma ta dawo, wannan karo a kan tsarin da aka ƙirƙiro don kawar da ita. A 2016 ba a fitar da babban kashi ba, a 2017 aka sake fasali da Origins. A 2023 kuma Assassin's Creed Mirage, wanda aka kafa a Bagadaza ta ƙarni na 9, ya dawo da ofisoshin wakilai da bincike kafin kisa, aka tallata shi a matsayin komawa tushe. Abin da aka zubar a 2009 an koma nemansa bayan shekara 14.

8.0 Kammalawa

Ba manufar wannan maƙala ba ce ta ce wasan farko ya fi na biyu. Ta fuskar ƙira, da daɗin wasa, da gina taurari, Assassin's Creed II yana gaba nesa, kuma yabon da ya samu ya cancanta. Abin da muka yi ƙoƙarin nunawa shi ne suka takan faɗi inda ke ciwo daidai, amma ba kullum take gano cutar ba. Masu sharhin 2007 sun gaji, kuma gajiyarsu gaskiya ce. Sun kira ta maimaici, kampanin ya karɓi sunan yadda yake, ya yi aiki da shi. Da an rarrabe, da an ga cewa ayyukan bincike ne ke buƙatar ƙari, zagayen da ke riƙe da su kuwa yana buƙatar kariya.

Wannan yana ɗora wa mai tarke nauyin da bai saba ɗauka ba a adabin rubutu. A fagen da ake karanta sharhi a ɗakin ƙira, a mayar da shi tsarin aiki na ɗaruruwan ma'aikata, kalmar da aka zaɓa don bayyana aibi tana iya shata fasalin ayyukan shekara goma masu zuwa. Ga ɗaliban da ke son shiga wannan fage, hanyar da muka bi a nan tana iya amfani ga wasu tagwayen ayyuka, har da finafinai masu kashi-kashi: a jera sukar da aka yi, a jera sauye-sauyen da magaji ya kawo, sannan a nemi abin da ya ɓace wanda babu mai sukar da ya roƙi a cire shi.